Babi na 6: Awa 22 a Rana

Wanda likita ya ɗaura wa waya a haƙora ba shi da ta cewa. Ko ya so ko ya ƙi, ƙarfen na nan manne, yana aikinsa dare da rana, har ranar da wanda ya sa shi zai ɓanɓare shi. Kuben roba kuwa, wannan siririn abu garai-garai da ake zura wa haƙora ya rufe su ruf, da yatsu biyu ake cire shi. Abin da ya sa ake rububinsa ke nan, kuma shi ne abin da ya fi kayar da masu amfani da shi. Yabo ko kuka, duk wanda ka ji daga bakinsu, in ka bi diddigi za ka tarar daga nan ya taso.

Dabarar ta girmi kamfanonin da ke cin moriyarta. Tun a 1945 wani likitan haƙori Ba'amurke, Harold Kesling, ya fito da wata roba mai kauri da ake ciza bayan an cire waya, don ta ƙarasa ɗan abin da ya rage. Ya ma hango cewa da za a jera irinta da yawa, kowacce ta ɗan gusa da haƙori gaba, da an yi babban aiki ba tare da ƙarfe ba. Wahalar aikin hannu ce ta tsayar da shi, domin kowane mataki sai an zuba siffar baki da farar ƙasa, an yanke haƙoran ɗaya bayan ɗaya, an sake dasa su cikin kakin zuma. Sai bayan fiye da shekara 50 kwamfuta ta ɗauke wannan nauyi. A 1997 wasu ɗaliban kasuwanci biyu a Jami'ar Stanford da ke Kalifoniya, Zia Chishti, ɗan asalin Pakistan, da Kelsey Wirth, suka kafa kamfanin Align Technology. Babu likitan haƙori a cikinsu. Chishti majinyaci ne kawai, wanda aka gyara wa haƙora da girmansa, ya lura cewa in ya yi kwanaki bai sa robar da aka ba shi ta riƙe haƙoran ba sai su goce, in ya mayar da ita su dawo. A 1999 kayansu mai suna Invisalign ya shiga kasuwa, kuma a 2021 waɗanda suka yi amfani da shi suka haura miliyan 10. Daga 2017, da wa'adin wasu muhimman haƙƙoƙin mallakar fasahar ya fara ƙarewa, wasu kamfanoni suka ƙara ƙaimi a kasuwar: ClearCorrect, Spark, Angel Align na ƙasar Sin, da ƙananan ɗakunan aiki da ke buga nasu.

Ranar farko a wurin likita ita ce mafi daɗi. A da, sai an cika maka baki da wani kwaɓi mai sanyi ka yi ta yunƙurin amai kafin ya daskare. Yanzu wani ɗan sanda ne mai kyamara a kai ake bi da shi kan haƙora, ciki da waje, cikin 'yan mintuna bakinka ya bayyana a fuskar kwamfuta, har da ɗan tsagun da ba ka san da shi ba. Bayan wasu kwanaki a kira ka a nuna maka bidiyo: ga haƙoranka da suka hau kan juna suna ja da baya, suna juyawa, suna jeruwa reras. Mutane da yawa a nan suke yanke shawara, kafin ma su tambayi kuɗi.

Bidiyon nan tsari ne aka zana, ba a yi maka alkawari ba, kuma ba kowane likita ke tsayawa ya bambanta maka su ba. Ma'aikatan kamfani ne ke fara zana shi da kwamfuta. Align ya daɗe yana wannan aiki a Kosta Rika, ana ƙera kuben a birnin Juarez na Meziko. Mai zanen bai taɓa ganin bakinka ba. Aikin likitanka ne ya duba, ya gyara, ya mayar, har sai tsarin ya dace da ƙashin da ke bakinka. A wani bincike da Neal Kravitz da abokan aikinsa suka wallafa a 2009, sun gwada inda kwamfuta ta ce haƙori zai kai da inda ya kai a zahiri, suka samu a matsakaici kashi 41 cikin 100 na tafiyar da aka tsara ne ya auku. Da aka sake irin gwajin a 2020, bayan an inganta robar da dabarun, ya kai kashi 50. Ba wai rabin majinyata ne ke faɗuwa ba. Ma'anarsa haƙori yakan tsaya a hanya, sai an sake aunawa an ƙara masa wasu kuben. Karkatar da haƙorin gaba ko rage ɗan cunkoso abu ne da roba ta iya. Juya fiƙa, wadda jikinta a mulmule yake babu wurin kamawa, ko jawo haƙori ya ƙara fitowa daga dasashi, ko gusar da saiwa ɗungurungum, nan ne waya ta fi ta har gobe.

A gaban bidiyon nan ne kuma ya kamata mai wushirya ya buɗe baki. A Amurka da Turai tazarar da ke tsakanin haƙoran gaba aibi ce da ake biya a rufe, tsarin kwamfuta kuma yakan rufe duk tazarar da ya gani sai in likita ya ce a bari. A wurinmu ado ce. Wadda ta zo don haƙoran ƙasa da suka cunkushe, in ba ta yi magana ba, tana iya tashi babu wushiryar da aka san ta da ita. In kuma da gangan ake son rufewa, a sani tana cikin abubuwan da suka fi saurin sake buɗewa, shi ya sa galibi ake manna siririyar waya a bayan haƙoran ta zauna dindindin.

To me ya kawo awa 22? Haƙori ba a kafe yake cikin ƙashi ƙam ba. Tsakanin saiwarsa da ƙashin muƙamuƙi akwai wani siririn tantani na zaruruwa da jijiyoyin jini. In aka danna haƙori a hankali kuma ba a saki ba, tantanin ya matse ta gefe guda ya miƙe ta ɗaya gefen. Inda ya matse, jiki ya aiko ƙwayoyin da ke cinye ƙashi su buɗe hanya. Inda ya miƙe, wasu ƙwayoyin su gina sabo su cike gurbi. Aikin ba ya son gaggawa, kuma ba ya son a katse shi. Kowane kube an ƙera shi ne ya ɗan saɓa wa yadda haƙoranka suke yau da kimanin rubu'in milimita, wato kaurin takarda biyu zuwa uku. Haƙorin da ake so ya yi tafiyar milimita 4 zai ci kube wajen 16. Da farko mako biyu-biyu ake canzawa. Daga 2016 Align ya ba da shawarar mako ɗaya ga yawancin mutane, in likita ya amince. Da zarar ka cire, zaruruwan nan sun fara jan haƙorin zuwa inda ya fito. Shi ya sa ake cewa awa 20 zuwa 22, kuma likitoci sun fi faɗin 22 don sun san za a rage.

Ciwon ba irin na haƙori mai rami ba ne. Tsami ne da nauyi, yakan fara 'yan awoyi bayan an sa sabon kube, ya kai ƙololuwa washegari, ya lafa cikin kwana biyu zuwa uku. A wannan tsakanin ko burodi ka gatsa sai ka ji a jikinka, balle tsire ko rake. Waɗanda suka goge sukan sa sabon kube da dare bayan cin abinci, su yi barci a kan mafi munin awoyin. Wani bincike na 2007 da ya gwama masu kube da masu waya a makon farko ya nuna masu kube sun fi samun sauƙi, kuma babu ƙarfen da ke yankar leɓe da cikin kumatu. Sai dai gefen robar kan kankari harshe, wasu yawu ya cika musu baki, wasu kuma bakin ya bushe. Akwai kuma tsamin baki. Harshe ya saba da inda yake taɓawa don fitar da "s" da "z" da "ts", sai ga roba ta shiga tsakani. Ga malamin makaranta, ko mai gabatar da shiri a rediyo, ko liman, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ga yawancin mutane yakan wuce cikin kwanaki ko mako biyu, kuma yawan magana da kuben a baki ne ke kawar da shi, ba cirewa ba.

Abu biyu ne talla ba ta nunawa, kuma su ne masu kube suka fi cewa ba a faɗa musu ba. Na farko ƙananan ƙulle-ƙulle ne masu launin haƙori da likita ke mannawa a jikin wasu haƙoran da irin abin da ake ciko da shi, don roba ta samu wurin kamawa. Wani a sa masa huɗu, wani fiye da goma, har a haƙoran gaba. Da su a baki, maganar cewa ba wanda zai gane ta ragu. Na nesa ba zai lura ba, amma wanda kuke hira da shi fuska da fuska zai ga wani abu. Suna kuma sa cire kuben ya zama kokawa a makon farko. Ka cusa farce ta bayan turmi, ka ɗaga gefe guda, ka koma ɗaya gefen, abu ya ƙi, ga jin kamar haƙoran za su biyo shi. Mata masu dogon farce sun san wannan, har akwai ɗan ƙugiyar roba da ake sayarwa don haka. Na biyu shi ne kankare gefen haƙora. In babu wuri, likita zai zura wani siririn ƙarfe mai kaushi tsakanin haƙori da haƙori ya goge kaɗan, daga milimita 0.2 zuwa 0.5 a kowane tsakani. Ba a cika jin zafi ba, ƙarar da ke ratsa ƙashin kai ce ke tayar da tsikar jiki. In an tsaya a wannan iyaka ba ya cutarwa, amma ɓawon haƙori ba ya sake tsirowa, don haka haƙƙinka ne a faɗa maka tun kafin ka biya.

Sai babban gwajin, wato abinci. Awa 22 a baki na nufin awa 2 kacal aka bar maka na karin kumallo da na rana da na dare, har da goge baki bayan kowanne. Ban da ruwa mai sanyi, ba a cin komai ba a shan komai da kube a baki. Shayi mai zafi na lanƙwasa robar. Zoɓo da lemun kwalba na shiga ƙarƙashinta su kwanta a jikin haƙori, inda yawu ba ya isa ya wanke, ta nan ruɓewa ke farawa. Manja da kurkum na mayar da ita rawaya, su ɓata har ƙulle-ƙullen. Mai cin goro kuwa, wanda ya saba da ɓari a kumatu tun safe, sai ya zaɓi ɗaya.

A gida duk wannan mai sauƙi ne. A gidan biki ne ake gane wuyarsa. An ajiye maka faranti, mutane sun kewaye ka, ga shi ba ka son ka cusa yatsu a baki ka zaro roba da zaren yawu a gabansu. Ka tashi ka nemi lungu, ka cire, akwatin ajiyarsa na mota, sai ka naɗe shi a tishu ka ajiye gefen faranti. Kafin ka dawo daga wanke hannu yara sun kwashe kwanuka har da tishun. Babu likitan daidaita haƙora da bai ji irin wannan labari ba, kuma sake ƙera wanda ya ɓata kuɗi ne da jira. Ga kuma ziyara: kowane gida ka shiga a kawo maka abin taɓawa, ka ce alhamdu lillahi ka ƙoshi, a ce ai ko kaɗan ne. Ɗanɗana ƙwaya ɗaya ta cincin na nufin cirewa, da wanke baki, da sakace da zare, da mayarwa. Da yawa sukan haƙura da ciye-ciye gaba ɗaya, har wasu su ɗan rame. Watan azumi na da nasa salo: da rana ba abin da zai sa a cire, amma daga buɗa-baki zuwa sahur, in aka biye wa ɗan wannan ɗan wancan, kube sai ya kwana a akwati.

Kusan kowa yana ha'inci, bambancin yawa ne. Haƙora kuwa suna tona asiri. In ana sa kube awa 14 ko 16 maimakon 22, haƙorin ba zai kai inda na gaba ke jiransa ba, sai a ga wata 'yar iska tsakanin bakin haƙori da ƙasan robar. Kowane sabon kube ya ƙara faɗaɗa ta, har a kai inda ba ya shiga. Likita ya duba ya ce, "Hajiya, awa nawa kike sa shi?" A ce, "Wallahi likita ina ƙoƙari." Shi dai ya riga ya ga amsa. A kuben matasa Align ya sa wani ɗigo shuɗi da ke kodewa gwargwadon zamansa a baki, don iyaye da likita su gane. Ra'ayina a nan ba ɓoyayye ba ne: wanda ya san ba ya ƙarasa maganin zazzaɓi na kwana uku, ya je a sa masa waya. Ba faɗuwa ba ce. Waya ba ta neman komai daga gare shi sai goge baki da zuwa asibiti, kuma a matsaloli masu wuya ita ce ma ta fi dacewa.

Ko mai cika awoyinsa ya shirya wa ƙari. Akwatin farko ba kasafai yake zama na ƙarshe ba. A gama kube 20 ko 30, a duba a ga fiƙa ɗaya ba ta gama juyawa ba, a sake auna baki, a jira makonni, a kawo wasu. Aikin da aka ce na wata 12 ya kai 18. Wasu kuma, musamman manya, bayan haƙoran sun jeru sai su ga ƙananan ramuka baƙaƙe masu kusurwa uku kusa da dasashi, inda a da hawan haƙori kan haƙori ya ɓoye naman da ya ja baya. Wasu su tarar turamensu na baya ba sa haɗuwa sosai, saboda watannin da roba ta yi tsakaninsu. Yawanci wannan na daidaita ko a gyara shi, amma sai da mai duba shi.

Ranar da aka cire na ƙarshe ma ba a rabu da roba ba. Ana ba ka kuben riƙo, mai ɗan kauri, da farko dare da rana, daga baya da dare kawai. Har yaushe? Robert Little da abokan aikinsa a Jami'ar Washinton da ke Seattle sun bi sawun mutanen da aka gyara wa haƙora da waya suka daina sa abin riƙo. A rahotonsu na 1988, bayan shekara 20, kashi 10 cikin 100 ne kawai haƙoransu na gaba na ƙasa ke jere yadda ake so. Haƙori na motsi muddin rai, ko da waya aka gyara shi ko da kube. Shi ya sa likitoci yanzu ke cewa ka sa abin riƙo muddin kana son haƙoranka su zauna a jere. Yana tsufa, yana tsagewa, sabo kuma da kuɗinsa, wanda sau da yawa ba ya cikin dala 3,000 zuwa 8,000 da aikin ke ci a Amurka.

Tsadar nan ce ta haifi tambayar da ta jefa dubban mutane cikin wahala: tunda majinyaci ne ke ɗauke da nauyin aikin, me zai hana a cire likita a rage kuɗi? A 2014 Jordan Katzman da Alex Fenkell suka kafa SmileDirectClub a Amurka. A lokacin, za a aiko maka kwaɓi ka auna bakinka da kanka, ko ka shiga shagonsu a yi maka da kyamara, wani likita da ba za ka taɓa gani ba ya sa hannu daga nesa, kube su iso ta gidan waya a kan kusan dala 2,000. Ba dole sai an yi hoton ƙashi ba, ba mai taɓa dasashinka, ba ƙulle-ƙulle, ba kankarewa. Da kamfanin ya shiga kasuwar hannun jari a Satumban 2019 an yi masa ƙimar kusan dala biliyan 9. Akwai waɗanda matsalarsu ƙarama ce suka samu biyan buƙata. Akwai kuma waɗanda suka koka da haƙora masu girgiɗi, da dasashin da ya ja baya, da cizon da ya daina haɗuwa. A Janairun 2020 jaridar New York Times ta ba da rahoton cewa wasu masu neman a mayar musu da kuɗinsu sai sun sa hannu a takardar yin shiru. A Disamban 2022 babban lauyan birnin Washinton ya maka kamfanin a kotu kan haka, aka sasanta a Yunin 2023: kamfanin ya saki mutum 17,000 daga takardar, ya biya dala 500,000. A Satumban shekarar ya bayyana karyewa, a Disamba ya rufe baki ɗaya. Waɗanda ke tsakiyar gyara aka ce su nemi likita a garinsu, garantin da aka yi musu na har abada ya tashi. Wani kamfanin mai irin wannan tsari, Byte, ya dakatar da sayarwa a Oktoban 2024 bayan tattaunawa da hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka.

Araha ba ta ado, amma ba arahar ce laifin ba. Kyamara saman haƙori take gani, alhali aikin a ƙasa ake yin sa. Mutumin da ciwon dasashi ya riga ya cinye masa ƙashi, galibi bai sani ba, don ciwon ba ya zafi sai ya yi nisa. In aka tura haƙoransa a haka suna iya yin girgiɗi har su fita. Wani saiwoyinsa gajeru ne tun asali, turi ya ƙara rage su. Wani akwai haƙorin da ya maƙale cikin ƙashi bai fito ba. Duk waɗannan sai da hoton ƙashi da hannun likita a cikin baki ake gano su, kuma sai wanda ke ganinka bayan kowane mako shida zuwa goma ne zai lura cewa haƙori ya daina bin kube kafin ɓarna ta yi yawa.

Kamfanonin biyu sun tafi, amma irin tallarsu na nan a Instagram da TikTok, kuma tana isa wayar mutumin Kano da Yamai kamar yadda take isa ta mutumin Landan. Kafin ka biya kowa, ka tambayi sunan likitan da zai ɗauki alhakin bakinka da inda za ka same shi in kube ya ƙi shiga. Ka tambaya ko ƙarin kube da abin riƙo na cikin kuɗin. In akwai rami ko dasashi mai jini, a fara magance su. Wanda kuma ya nemi kuɗinka bai nemi hoton ƙashin muƙamuƙinka ba, ka riƙe kuɗinka ka nemi wani.